Bisharar Wadata a Gaban Gwauruwa da Maraya

 Batun da zan yi magana a kai shi ne koyarwar da ake kira bisharar wadata, wadda ke cewa nufin Allah ne kowane mai bi ya zama mai dukiya da ƙoshin lafiya tun a nan duniya, hanyar samun haka kuma ita ce furta alkawari da bangaskiya da shuka iri na kuɗi a hannun bawan Allah. An sha sukar wannan koyarwa ta fuskar kuɗi, ana ta maganar jiragen sama da manyan motocin fastoci. Damuwata ta fi nauyi a wani wuri dabam. Koyarwar tana da ɗaya gefen da ba a cika faɗa daga bagadi ba: in wadata ce shaidar bangaskiya, to talauci da ciwo da rashi sun zama shaidar rashinta ke nan. Ta haka wanda masifa ta auka wa shi ne ke komawa abin tuhuma. Ikkilisiyar arewacin Nijeriya, wadda bencinanta ke cike da gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira, ba za ta iya riƙe wannan koyarwa ba sai ta yi wa 'ya'yanta ƙazafi.

Tushen koyarwar a Amurka yake. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu wa'azin warkarwa sun yi ta kafa tantuna suna zagaya garuruwa. Cikinsu akwai Oral Roberts, wanda ya yaɗa maganar shuka iri, wato ka ba da kuɗi don aikin Allah ka sa ran girbi ninki-ba-ninki. Kenneth Hagin, wanda ya buɗe makarantar Rhema kusa da Tulsa a 1974, ya ƙarfafa ɗaya ɓangaren, cewa abin da mai bi ya furta da bakinsa cikin bangaskiya shi zai same shi. Wanda ya fi kowa buɗe wa koyarwar ƙofa a Nijeriya shi ne Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya yi karatu a Dallas a 1971, ya rasu a 1998. Kada kuma mu ɗauka abin na mutanen Kudu ne kaɗai, domin Living Faith, ɗaya daga cikin manyan ikkilisiyoyin da suka shahara da wa'azin wadata, a Kaduna ta kafu a 1983, kafin ta gina majami'arta mai kujeru 50,000 a Ota a 1999. Lokacin da koyarwar ta bunƙasa ma abin lura ne. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta zube, aka rage ma'aikata, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata, asibitin gwamnati ya koma wurin rubuta maka magani ka je ka saya. Mutumin da gwamnati ta juya wa baya, aka ce masa akwai wata hanya da ba ta bi ta ofishin kowa, me zai hana shi saurara? Yau ma halin bai sake ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama, kashi 65 cikin ɗari nasu kuwa a Arewa suke, tun ma kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Saboda haka ba na ganin wautar masu zuwa irin waɗannan tarurruka. Yunwa da rashin lafiya ne suka kai su, kuma sun tafi neman Allah ne, ba boka ba.

Mu duba yadda abin ke gudana a taron farkawa na kwana uku, irin wanda kowa a nan ya sani. A daren ƙarshe baƙon mai wa'azi yakan ce Ruhu ya nuna masa mutum goma da za su shuka dubu ɗari-ɗari, su fito gaba. Daga nan a sauko dubu hamsin, dubu ashirin, dubu biyar, har a kai ga dubu ɗaya, don kada a bar kowa a zaune. A bencin baya akwai mace mai tuyar ƙosai, mijinta ya rasu, ɗanta na kwance da ciwon sikila. Takan kwance bakin zanenta ta ciro kuɗin waken gobe, ta sa a ambulan, ta rubuta sunan yaron a bayansa. Wata uku suka wuce, yaron bai tashi ba, jarin ya karye. In ta je ta tambaya, amsoshin a shirye suke: ta yi shakka a zuciyarta, ko ta furta mugun abu da bakinta ta kashe irin, ko akwai zunubin da ba ta tuba ba, ko la'anar kakanni ce da ke bukatar wani sabon iri. A cikin amsoshin nan babu ko ɗaya da ke taɓa mai wa'azin ko koyarwarsa. An gina koyarwar ne yadda duk nasara tata ce, duk gazawa kuma ta mai bi ce. Matar nan ta shigo da talauci da ɗa marar lafiya, ta fita da su duka biyun, an kuma ƙara mata na uku, wato zargin kanta a gaban Allah. Wannan na ukun shi ne ya fi ci mini rai, domin wurin da ya rage mata na samun ta'aziyya shi aka toshe.

Yanzu mu ɗauki wannan ma'auni mu aza a kan tarihin da muka gani da idonmu. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ta fara ne a Garkida a 1923. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya. A watan Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni da ɗaliban makarantar Baibul suka tsere, aka koma gudanar da ikkilisiyar daga Jos na wani lokaci. An ƙone majami'u, an kashe masu bi da yawa, kamar yadda aka kashe maƙwabtansu Musulmi masu ɗimbin yawa a garuruwan nan. A Fabrairun 2018 aka kwashe 'yan matan Dapchi, aka dawo da akasarinsu bayan wata guda, aka riƙe Leah Sharibu, kuma abokan karatunta sun shaida cewa an riƙe ta ne don ta ƙi barin bangaskiyarta. A farkon Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na Michika. Mutane da yawa sun ga bidiyon da aka ɗauke shi a hannun waɗanda suka kama shi: yana zaune, muryarsa ba ta rawa, yana gaya wa iyalinsa da abokan hidimarsa kada su yi kuka, yana cewa bai karaya ba domin kowane hali a hannun Allah yake, in an sake shi to, in ba a sake shi ba nufin Allah ne. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. To, a faɗa mana, wane iri ne Andimi bai shuka ba? Wace kalma ce Leah ta furta ba daidai ba? Mai bisharar wadata yana da zaɓi biyu kawai a nan. Ko dai ya ce bangaskiyar waɗannan ta gaza, wanda ba mai kunyar Allah da zai iya faɗa, ko kuwa ya yarda cewa mutum na iya zama cikakken mai bangaskiya ya rasa gida da 'yanci da rai. In ya yarda da na biyun, ginshiƙin koyarwarsa ya faɗi.

Littafi Mai Tsarki bai bar wannan tambaya a buɗe ba. Littafin Ayuba gaba ɗayansa muhawara ce a kanta. Elifaz da Bildad da Zofar sun riƙe cewa Allah na sāka wa mai adalci da alheri, mugu kuma da masifa, saboda haka tun da Ayuba ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya, lalle akwai abin da ya ɓoye. Maganarsu tana da tsari, tana cike da ambaton Allah, amma a sura ta 42 Allah ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba, sai da Ayuba ya yi musu addu'a. A Yahaya sura 9 almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ƙi duka biyun. A Luka 13 aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce ba su fi sauran mutane zunubi ba. Wurin da ya fi dacewa da halinmu shi ne Ayyukan Manzanni sura 12. A sura guda, a hannun sarki guda, Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fito da shi daga kurkuku. Luka bai ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya ba. Haka Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda suka tsira daga takobi ta wurin bangaskiya, nan take kuma ta jera waɗanda aka kashe da takobi, aka jajjefe, suka yi yawo cikin rashi, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida. Manzo Bulus da kansa ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba, ya bar Tarofimas da ciwo a Militas, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha don ciwon cikinsa.

Ayoyin da ake kafa hujja da su ma, in an karanta su tare da maƙwabtansu, wata hanya suke nunawa. Malakai 3:10 ita ce aka fi ja a kan zakka da tagogin sama. Amma aya ta 5 ta wannan sura tana shelar hukunci a kan masu danne hakkin ɗan ƙodago da gwauruwa da maraya da baƙo, surori biyun farko kuma firistoci suke tsawata wa. Maimaitawar Shari'a 14 da 26 sun bayyana inda zakkar shekara ta uku take zuwa: a tara ta a gari domin Balawe, wanda ba shi da gādon ƙasa, da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. A tsarin Musa gwauruwa mai cin zakka ce. Riɓi ɗari da ke Markus 10:30 an yi alkawarinsa ga waɗanda suka bar gida da dangi saboda bishara, kuma a cikin ayar aka haɗa shi da tsanani. Maganar shuka da girbi ta 2 Korantiyawa 9 tana cikin wasiƙar tara gudummawa ne domin matalautan Urushalima, kuma a sura ta 8 Bulus ya ce ba ya nufin a sauƙaƙa wa wasu a nawaita wa wasu, daidaito yake nema. Ko labarin gwauruwar da ta zuba anini biyu, wanda ake karantawa don a sa matalauta su juye aljihu, Markus ya ajiye shi ne daf da gargaɗin Yesu a kan malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da dogayen addu'o'i. Duk inda aka bi kuɗin a Sabon Alkawari, daga mai shi yake gangarawa zuwa marar shi. Bisharar wadata ta juya kwararar, ta sa yana hawa daga mai ƙosai zuwa mai bagadi.

Za a ce, to Allah ba ya sa albarka ke nan? Ibrahim ba mai dukiya ba ne? Maimaitawar Shari'a 28 ba ta yi alkawarin albarkar rumbu da garke ba? Yana sawa mana. Allah na warkarwa, yana buɗe hanya, kuma daidai ne mai bi ya roƙi abinci da lafiya da aikin yi, ai Yesu ne ya koya mana roƙon abincin yini. Talauci ba tsarki ba ne, mugun abu ne da ya kamata a yaƙa. Amma albarkun sura ta 28 alkawari ne ga al'ummar Isra'ila a ƙasarta, ƙarƙashin alkawarin Sina'i, kuma Tsohon Alkawari da kansa bai yarda a mai da su lissafin kowane mutum ɗaya ba, shi ya sa Ayuba da Zabura 73 suke cikinsa. Akwai tazara mai nisa tsakanin ɗan da ke roƙon Ubansa yana dogara ga hikimarsa, da mai ciniki da ya biya yana jiran kaya. Siman na Samariya ya miƙa kuɗi don ya sami baiwar Allah, amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni 8 tana da zafi ƙwarai. Kuma ba 'yan adawa kaɗai suka ga haɗarin ba. Hagin da kansa, a littafinsa The Midas Touch na shekarar 2000, ya tsawata wa almajiransa a kan wa'azin bayarwa don a samu da alkawarin riɓi ɗari.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ya kamata mu saurare ta da kunnen basira. Masu ita suna cewa waɗannan ikkilisiyoyi sun ɗaga kan talaka. Sun gaya wa matashin da bai gāji komai ba cewa shi ɗan Sarki ne, ya bar giya da neman mata, ya yi tanadi, ya koyi sana'a, ya riƙe matarsa da mutunci. Sun gina makarantu da jami'o'i, irin su Covenant da aka buɗe a 2002. Suna kuma cewa tsofaffin ikkilisiyoyi sun daɗe suna wa'azin haƙuri da ladan sama, suna barin mutane cikin tsumma. Akwai gaskiya a nan. Ko masanan tauhidi na ƙungiyar Lausanne da suka zauna a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009, waɗanda suka ƙi koyarwar a fili, sun yarda cewa tana bunƙasa ne inda talauci ya yi katutu, gwamnati da ikkilisiya kuma suka gaza. Sai dai a lura da abin da ya kawo canjin a rayuwar matashin nan. Barin giya, riƙon amana, aiki tuƙuru da tanadi su ne suka gyara gidansa, waɗannan kuwa koyarwar Littafin Karin Magana ce da ta wasiƙun Bulus, ba sa bukatar ambulan. Ana iya riƙe su duka a yar da cinikin. Zargin da ake wa tsofaffin ikkilisiyoyi ma rabinsa ne gaskiya. Su ne suka gina asibitin Vom da na Garkida, da makarantun Gindiri, da asibitin Galmi a Nijar wanda ke aiki tun 1950, da wuraren jinyar kutare a lokacin da ba mai son taɓa kuturu. A can ba a tambayi majinyaci irin da ya shuka ba. Laifinmu shi ne mun bar wannan gādo ya lalace a wurare da yawa, muka rage wa'azi a kan zaluncin da ke haifar da talauci, wato satar dukiyar jama'a da danne albashi da ƙwace gonaki. Bisharar wadata kuwa ba ta cike wannan giɓi ba, ƙara shi ta yi, domin in talaucin mutum daga rashin bangaskiyarsa ne ko daga maitar dangi, to wanda ya sace kuɗin asibiti ya kuɓuta, har ma a ba shi kujerar gaba ranar godiya.

Shaidu fa, waɗanda ake bayarwa kowace Lahadi? Ba na ƙaryata kowa. Amma makirufo na zuwa hannun wanda ya samu ne kawai, kamar yadda gidan caca ke liƙa hoton wanda ya ci, dubun da suka zuba suka tashi a tutar babu kuwa ba a jin ɗuriyarsu. Sukan koma gida shiru, wasu su sake ikkilisiya, wasu su bar zuwa sujada ɗungum.

Akwai kuma masu cewa bai kamata a taɓa shafaffe na Ubangiji ba, kuma lokacin da ake kai wa ikkilisiya hari ba lokacin sukar juna ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya, mutanen Biriya kuma an yabe su ne don sun bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Ba na cewa duk mai wannan wa'azi ɗan damfara ne, da yawansu sun gaskata abin da suke faɗa, wasu ma suna taimakon mabukata fiye da masu sukarsu. Koyarwar nake tuhuma. Lokacin tsanani kuwa shi ne lokacin da aka fi bukatar wannan gyara, domin mutumin da aka koya wa cewa bangaskiya garkuwa ce daga kowace asara, ranar da aka ƙone shagonsa zai rasa shago ya kuma rasa abin da zai riƙe.

Kada kowa a nan ya ce wannan matsalar Fentikos ce. Ta riga ta shigo ECWA da COCIN da EYN da Anglika da Katolika, ta hanyar talabijin da wayar hannu da baƙin masu wa'azi, ta kuma shigo ta ƙofar da mu muka bari a buɗe. Faston ƙauye da ke wata uku ba a biya shi ba, ga 'ya'ya a makaranta, ga gundumar ikkilisiya na jiran kasonta, in ya ga taron shuka iri na dare ɗaya ya tara abin da baikon wata shida bai tara ba, jarabar ba ƙarama ba ce. Majalisun ikkilisiya su ɗauki albashin masu hidimar karkara da muhimmanci, ikkilisiyoyin birni su ɗauki nauyin na ƙauye. Makarantun tauhidi, daga Bukuru zuwa ƙananan makarantun Baibul da ke koyarwa da Hausa, su koya wa ɗalibi yadda zai yi wa'azi daga Ayuba da Makoki da zaburoyin kuka, domin fasto a Arewa zai binne mutane da yawa, dole ya san abin da zai faɗa a bakin kabari wanda ba zargi ba ne. Dattawa su daina ba da bagadi ga baƙon da sharaɗinsa shi ne a raba abin da aka tara. Batun lissafi kuma Bulus ya riga ya nuna hanya: da zai kai gudummawar Urushalima bai riƙe jakar shi kaɗai ba, ikkilisiyoyi ne suka zaɓi wanda zai raka kuɗin, don kada a sami abin zargi. Ma'aji ya karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, a faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma ware layi guda a rahoton da zai nuna nawa ne daga zakka da baikon shekara ya isa hannun gwauraye da marayu da 'yan gudun hijirar da ke cikin wannan ikkilisiya.